Matsatsin aiki a uwar garken bincike

Matsatsin aiki a uwar garken bincike shi ne ɓangaren tsarin bincike da ya fi sauran saurin cika, wanda kuma shi ne ke yanke iyakar yawan tambayoyin da tsarin zai iya amsawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Uwar garken bincike, wadda wasu ke kira sabar bincike, kwamfuta ce ko rukunin kwamfutoci da ke riƙe da fihirisar rubuce-rubuce. Tana karɓar kalmomin da mutum ya rubuta a akwatin bincike, ta dawo masa da jerin shafukan da suka dace da su. Kowace tambaya tana bi ta matakai da dama kafin amsarta ta fito, kuma matakan ba su da ƙarfi ɗaya. Kamar garin da yake da faffaɗan tituna amma ƙofarsa ɗaya ce, yawan masu shiga ya dogara ne ga faɗin ƙofar. Matsatsin yana iya zama na'urar sarrafawa ta CPU, ko ƙwaƙwalwar RAM, ko faifan ajiya, ko hanyar sadarwa, ko ma wani saiti na manhajar da ba a lura da shi ba. Duk gyaran da aka yi a wani wuri da ba shi ne matsatsin ba, ba ya ƙara yawan aiki, kuma da zarar an buɗe matsatsi ɗaya sai iyakar ta koma kan wani ɓangaren.

Ma'aunai

Ana auna aikin uwar garke da abubuwa biyu da ake yawan rikita su. Na farko shi ne yawan aiki, wato adadin tambayoyin da aka amsa a daƙiƙa. Na biyu shi ne jinkiri, wato tsawon lokacin da tambaya ɗaya ta ɗauka daga isowarta zuwa fitar amsarta, kuma ana lissafa shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idar Little, wadda John Little ya tabbatar a shekarar 1961. Ƙa'idar ta ce adadin ayyukan da ke cikin tsari a lokaci guda daidai yake da yawan masu isowa a daƙiƙa idan aka ninka shi da lokacin da kowanne ke ɗauka. Idan tambayoyi 200 ne ke isowa a daƙiƙa, kowace tana ɗaukar milisakan 50, to a kowane lokaci akwai tambayoyi 10 a hannu. Idan jinkirin ya tashi zuwa milisakan 500, tambayoyin da ke hannu sun zama 100 ke nan, alhali masu bincike ba su ƙaru ba. Ana iya juya lissafin don gano iyaka. Manhajar Elasticsearch, a saitin da take zuwa da shi, tana ware zarurrukan aiki 13 domin bincike a kan na'ura mai cibiyoyin sarrafawa 8. Idan kowane aiki yana riƙe zare na milisakan 50, na'urar ba za ta wuce ayyuka 260 a daƙiƙa ba. Abin da ya haura sai ya shiga layi, idan layin ya cika kuma a mayar da tambayar da lambar kuskure 429.

Jinkiri ba ya hawa daidai da hawan nauyi. Ilimin lissafin layi, wanda ya samo asali daga aikin Agner Erlang a kamfanin tarho na Kwapanhagan tun 1909, ya nuna cewa a tsari mafi sauƙi, mai ma'aikaci ɗaya da masu isowa ba bisa tsari ba, lokacin da aiki ke ɗauka yana ninkawa sau biyu idan ma'aikacin na aiki rabin lokacinsa, sau goma idan ya kai kashi 90 cikin ɗari, sau ɗari idan ya kai kashi 99. Wannan ne ya sa uwar garke takan yi watanni lafiya lau, sannan ƙaramin ƙari na masu bincike ya durƙusar da ita a rana ɗaya.

Matsakaicin jinkiri ma'auni ne mai yaudara. Idan tambayoyi 99 sun ɗauki milisakan 10 kowace, ɗaya ta ɗauki daƙiƙa 5, matsakaicin bai wuce milisakan 60 ba, amma mutum ɗaya ya zauna yana kallon allo. Don haka masu kula da irin wannan tsarin sun fi duba jinkirin da kashi 95 ko kashi 99 cikin ɗari na tambayoyi ba su wuce shi ba.

Hanyar da tambaya ke bi

Yawancin uwayen garken bincike na buɗaɗɗiyar manhaja an gina su ne a kan Lucene, wadda Doug Cutting ya rubuta a 1999 da harshen Java, ta shiga ƙarƙashin gidauniyar Apache a 2001. A kanta Yonik Seeley ya gina Solr a kamfanin CNET a 2004, Shay Banon ya fitar da Elasticsearch a 2010, sannan kamfanin Amazon ya tsago OpenSearch daga Elasticsearch a 2021.

Zuciyar Lucene ita ce juyayyiyar fihirisa. Maimakon a ajiye kowane shafi da kalmominsa, ana ajiye kowace kalma da jerin lambobin shafukan da ta fito a cikinsu, kamar fihirisar da ke ƙarshen littafi. Idan tambaya ta iso, ana yanka ta kalma-kalma, a nemo kowace kalma a ƙamusun fihirisar, a karanta jerinta, a haɗa jerin, a ba kowane shafi maki gwargwadon dacewarsa, sannan a ɗauko rubutun shafukan da suka fi maki domin nunawa. Idan fihirisar ta fi ƙarfin na'ura ɗaya, ana raba ta yanki-yanki a kan na'urori da yawa, kowane yanki da kwafinsa. A nan tambaya ɗaya takan je kowane yanki, wata na'ura mai tattarawa ta haɗa amsoshin.

Gano matsatsi

Hasashe ba ya cika gano matsatsi, sai awo. Ƙa'idar da Gene Amdahl ya bayyana a 1967 ta nuna dalilin: idan wani mataki yana cin kashi 10 cikin ɗari na lokacin tambaya, ko da an kawar da shi gaba ɗaya, saurin da za a samu bai wuce kashi 11 ba. Wahalar mako guda a kan irin wannan matakin asara ce.

Injiniya Brendan Gregg ya tsara wata hanya mai suna USE, inda ake bin kowane ɓangare na na'ura da tambayoyi uku: nawa ake amfani da shi, akwai aikin da ke jira a layinsa, kuma yana fitar da kurakurai? Tambaya ta biyu ce ta fi tona asiri, domin ɓangaren da layi ya taru a gabansa shi ne matsatsin. Idan CPU na zaune babu aiki amma tambayoyi na jinkiri, to ana jiran wani abu ne daban, galibi faifai, ko wata na'ura, ko wani makulli a cikin manhajar da zare ɗaya kaɗai ke iya riƙewa a lokaci guda. Gregg ne kuma ya fito da zanen harshen wuta a 2011, wanda ke nuna sassan manhaja a jere bisa juna, faɗin kowanne gwargwadon lokacin da ya ci.

Manhajojin binciken su ma suna da kayan awo. Akwai kundin da ke rubuta duk tambayar da ta wuce wani lokaci da aka ƙayyade, akwai hanyar fasa tambaya ɗaya a ga lokacin da kowane mataki ya ci, akwai kuma hanyar ganin zarurrukan da suka fi shan aiki a daidai wannan lokacin. Sau da yawa kundin yakan nuna cewa nau'in tambaya ɗaya ko biyu ne ke cinye yawancin ƙarfin na'urar.

Sai gwajin nauyi, inda ake tura tambayoyi ana ƙara yawansu har a ga inda jinkiri ya fara tsalle. Gwajin yana da ramuka guda biyu da aka saba faɗawa. Na farko shi ne maimaita tambaya ɗaya ko 'yan kaɗan, domin a nan ma'ajiyar amsoshi kawai ake aunawa. Gwaji na ƙwarai yana amfani ne da ainihin tambayoyin da mutane suka yi, da kurakuran rubutunsu da komai. Rami na biyu Gil Tene ne ya ja hankali a kansa: idan manhajar gwaji tana jiran amsa kafin ta tura tambaya ta gaba, to duk lokacin da uwar garken ta tsaya ita ma sai ta tsaya, ta kasa ƙidaya tambayoyin da da sun iso sun tarar da layi. Sakamakon sai ya fito da kyau fiye da gaskiya. Masu bincike na gaske ba sa jiran juna. Bayan wannan, ƙa'idar aikin ita ce a sauya abu ɗaya a sake awo, domin idan aka taɓa abubuwa uku a tare ba za a san wanda ya yi amfani ba.

Ƙwaƙwalwa da faifai

Karatu daga RAM yana ɗaukar ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Faifan SSD yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan, tsohon faifai mai juyawa kuma kusan milisakan 10 kafin allurarsa ta kai inda ake so. Lucene ba ta riƙe fihirisa a ƙwaƙwalwa da kanta. Tana dogara ne ga babbar manhajar na'urar, kamar Linux, wadda ke ajiye sassan fayil da aka karanta kwanan nan a duk RAM ɗin da ba a amfani da shi. Daga nan wani kuskure ke fitowa wanda ya yi kama da dabara: mai kula ya ga jinkiri, sai ya ba Java kusan dukkan RAM, bai bar wa fihirisar wurin zama ba, kowace tambaya ta koma karatu daga faifai. Shawarar da masu Elasticsearch suka daɗe suna bayarwa ita ce kada rabon Java ya wuce rabin RAM, kada kuma ya kai gigabait 32, domin daga nan Java take daina taƙaita adireshin abubuwan da take riƙe da su, wurin da aka ƙara ya tafi a banza.

Java tana da mai kwasar shara, wato sashen da ke share abubuwan da aka gama amfani da su daga ƙwaƙwalwa. Wani lokaci sai ya tsayar da dukkan aiki kafin ya yi shara. Alamarsa ita ce jinkiri da ke tsalle lokaci zuwa lokaci ba tare da nauyi ya sauya ba. Jera sakamako bisa kwanan wata ko ƙidaya su rukuni-rukuni yana daga cikin abubuwan da suka fi cika ƙwaƙwalwar Java a da, har Lucene ta 4 ta zo a 2012 da tsarin DocValues, wanda ke rubuta irin waɗannan bayanan a faifai tun lokacin gina fihirisa.

Rubutu da karatu a lokaci guda

Lucene ba ta gyara abin da ta riga ta rubuta. Sabbin shafuka suna shiga sabon guntu ne, shafin da aka goge kuma alama kawai ake sa masa. A bayan fage ana haɗe ƙananan guntaye su zama manya, kuma a lokacin ne ake zubar da abin da aka goge. Haɗewar tana cin faifai da CPU, tana gogayya da masu bincike. Elasticsearch tana buɗe sabon guntu ga masu bincike duk daƙiƙa ɗaya idan ba a sauya saitin ba. Shafin labarai na iya buƙatar hakan, amma kundin ɗakin karatu da ake ƙara wa littattafai sau ɗaya a rana ba ya buƙata, kuma mayar da shi daƙiƙa 30 ko fiye yana rage nauyi sosai. A Solr lamarin ya fi fitowa fili, domin ma'ajiyoyin amsoshi da na matattara suna ɗaure ne da yanayin fihirisa na wannan lokacin. Duk sanda aka buɗe sabon yanayi sai a zubar da su a sake cika su. Idan ana yin haka a kai a kai, na'urar takan ƙare tana cika ma'ajiyar da za a zubar kafin a amfana da ita.

Tambayoyi masu tsada

Neman shafi mai nisa a jerin sakamako yana da tsadar da ba a gani. Domin nuna sakamako goma na shafi na 1,000 a fihirisa mai yankuna biyar, dole kowane yanki ya jera sakamako 10,000, na'ura mai tattarawa ta jera 50,000, sannan ta zubar da duka in ban da goma. Mutane ba su cika zuwa can ba, manhajojin kwasar bayanai ne ke zuwa. Elasticsearch ta sa iyakar 10,000 a kan wannan, ita da Solr kuma suna da hanyar ci gaba daga alamar inda aka tsaya.

Ƙidaya dukkan sakamako ma aiki ne. Mai bincike goma na farko yake so, amma faɗin ainihin adadin shafukan da suka dace yana tilasta a bi kowane ɗaya. Lucene ta 8, wadda ta fito a 2019, ta ɗauki dabarar Block-Max WAND da Shuai Ding da Torsten Suel suka wallafa a 2011, inda ake tsallake duk rukunin shafukan da makinsu ba zai iya kai na goma na farko ba. Saboda haka ne Elasticsearch ta 7 ta daina ƙidaya daidai bayan 10,000 sai an nema.

Rarrabawa

Raba fihirisa yana rage aikin kowace na'ura, amma amsa ba ta fita sai yankin da ya fi jinkiri ya gama. Jeffrey Dean da Luiz André Barroso na Google sun kawo misali a maƙalarsu ta 2013 mai suna The Tail at Scale: idan kowace na'ura tana jinkiri fiye da daƙiƙa ɗaya sau ɗaya cikin ɗari, kuma tambaya tana buƙatar amsar na'urori 100, to kashi 63 cikin ɗari na tambayoyi za su wuce daƙiƙa ɗaya. Ɗaya daga cikin maganin da suka kawo shi ne a tura tambayar ga wani kwafi idan na farko ya ɗan jima bai amsa ba, a karɓi wanda ya riga.

Yanki da kwafi ba aiki ɗaya suke yi ba. Ƙara yankuna yana rage jinkirin tambaya ɗaya a babbar fihirisa, ƙara kwafi a kan sabbin na'urori kuma shi ne ke ƙara yawan tambayoyin da za a iya ɗauka. Yawan ƙananan yankuna matsala ce da ta zama ruwan dare, har Elasticsearch ta 7 ta rage adadin da take farawa da shi daga biyar zuwa ɗaya.

Harshe da fihirisa

Yadda aka yanka kalmomi yana da tasiri a kan sauri fiye da yadda ake zato. Bisa ƙa'idar da ake dangantawa ga masanin harshe George Zipf, 'yan kalmomi kaɗan ne ke cike yawancin kowane rubutu. A Hausa kalmomi irin su "da", "na" da "a" suna cikin kusan kowane shafi, don haka jerinsu a fihirisa dogo ne ƙwarai. Neman jumla kamar "da na sani" a jere yana buƙatar karanta matsayin kowace kalma a kowane shafi. Cire irin waɗannan kalmomin daga fihirisa yana kawo sauri, amma yana kashe jumlar gaba ɗaya. Hanya ta tsakiya ita ce a manne kalma mai yawa da maƙwabciyarta a ajiye su a matsayin kalma ɗaya. Ɗakin karatun intanet na HathiTrust da ke Amurka ya bi wannan hanyar a bincikensa na cikakken rubutun littattafai, inda fihirisa ta ƙara girma amma neman jumla ya yi sauri.

Neman ƙarshen kalma, kamar duk kalmar da ta ƙare da "anci", yana da tsada domin ƙamusun fihirisa a jere yake bisa harafin farko, sai an bi shi duka. Maganin shi ne a ajiye kowace kalma a juye, "Hausanci" ta zama "icnasuah", sai neman ƙarshe ya koma neman farko.

Haruffa masu lanƙwasa su ma suna shiga lissafi. Masu rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ a allon wayarsu. Idan aka bar gyaran sai lokacin tambaya, kalma kamar "kadangare" sai an neme ta a siffofi huɗu, kuma adadin yana ninkawa da kowane ƙarin harafi. Lucene tana da matattara mai suna ASCIIFoldingFilter da ke mayar da waɗannan haruffan b, d da k tun lokacin gina fihirisa, aikin da ake yi sau ɗaya maimakon a kowace tambaya. Illarsa ita ce "kafa" da "ƙafa" sun zama kalma ɗaya, haka "baki" da "baƙi". Don haka an fi son a ajiye siffofin biyu, a ba wadda ta yi daidai da abin da mutum ya rubuta maki mafi yawa.

Misalai

A jawabin da ya yi a taron WSDM na 2009, Jeffrey Dean ya bayyana cewa a farkon 2001 Google ta lura cewa yawan kwafin da ta tara don ɗaukar nauyi ya sa jimillar RAM ɗin na'urorinta ta isa ta riƙe fihirisar gaba ɗaya. Da aka mayar da fihirisar ƙwaƙwalwa, jiran allurar faifai ya kau, yawan aiki ya ƙaru, tambayoyi masu tsada suka yi sauri. Sai sabuwar matsala ta ɓullo: tunda kowace tambaya tana taɓa dubban na'urori, tambaya ɗaya da ke kashe manhajar tana iya kashe su duka, shi ya sa aka koma fara gwada tambaya a kan na'ura ɗaya kafin a watsa ta.

A Twitter matsatsin bai kasance a fihirisar ba ma. Kamfanin ya mayar da bincikensa daga MySQL zuwa wata sigar Lucene a 2010, amma na'urorin gaba masu karɓar tambaya, waɗanda aka rubuta da Ruby on Rails, suna da ƙayyadadden adadin ma'aikata, kowanne kuma yana zama yana jiran amsar na'urorin baya kafin ya ɗauki wata tambayar. A watan Afrilun 2011 kamfanin ya sanar da maye gurbinsu da wata manhajar Java mai suna Blender wadda ba ta tsayawa jira. Jinkirin kashi 95 cikin ɗari ya sauko daga milisakan 800 zuwa 250, nauyin CPU a na'urorin gaba kuma ya ragu da rabi.

Binciken Wikipedia, har da ta Hausa, yana gudana ne ta hanyar CirrusSearch, wanda aka kammala shimfiɗawa a 2014 a kan Elasticsearch, daga baya aka koma OpenSearch. Tsarin yana fara tace shafuka da lissafi mai arha, sannan ya sake jera waɗanda suka fi maki kaɗai da lissafi mai tsada. A gabansa akwai wani sashe mai suna PoolCounter da ke ƙayyade yawan binciken da za a yi a lokaci guda, tare da ware wa bincike masu nauyi nasu ƙaramin rabo daban. Idan rabon ya cika, mai bincike yakan ga saƙon cewa bincike ya cunkushe ya sake gwadawa daga baya, maimakon a bar layi ya yi tsawon da zai tsayar da kowa.